Gargaɗi ga masu keken tsere: an damfare ni naira 285,000 da sunan kayan Shimano

Wani mutum da ke tallar kayan keke a Facebook, wanda ya ce shagonsa a Legas yake, ya karɓi naira 285,000 daga hannuna da alkawarin zai aiko mini da kayan Shimano Ultegra na asali zuwa Jos: kaca, firiwil mai giya 11, da na'urar sauya giya ta baya. Naira 285,000, kuɗin da na daɗe ina tsakura daga albashina ina ajiyewa.

Duk mai hawan keken tsere ya san halin da muke ciki. Shimano kamfanin Japan ne, da dala ake shigo da kayansa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kayan nan suka fi ƙarfin mai albashi. Samfurin Ultegra kuwa, samfurin Dura-Ace kaɗai ke gabansa a jerin kayansu na keken tsere. Ita kuma kaca ba ta jiran mutum ya samu kuɗi, domin idan ta saki sai ta cinye haƙoran firiwil, asarar ta ninka.

Masu cewa arha ce ta ruɗe ni su saurara. Farashin mutumin ya ɗan yi ƙasa da na sauran, amma ba ƙasan da zai sa mai hankali ya yi zargi ba. Abin da ya sa na amince da shi tambaya ɗaya ce da ya yi mini tun kafin mu yi maganar kuɗi: "Yallaɓai, 11-28 kake so ko 11-34? Idan babban ne, sai dai na'ura mai dogon hannu, gajeren ba zai ɗauka ba." Lambobin nan adadin haƙoran ƙaramar giya da na babbar giya ne a jikin firiwil, na'urar kuwa ta sauya giya yake nufi. Wannan magana gaskiya ce, kuma wanda bai san keke ba ba zai faɗe ta ba. Har yanzu ina maimaita ta a raina. Wane ne zai ji wannan tambaya ya ce da ɓarawo yake magana?

Na tura naira 150,000 kafin alƙalami, daga baya na cika 135,000. A tsakani, ko kuma dai kafin kuɗin farko, ya kira ni ta bidiyo ya nuna mini kwalaye a jere a kan kanta, ya juya ɗaya na karanta CS-R8000, lambar firiwil ɗin Ultegra, da idona, ya rantse da Allah cewa da hannunsa zai kai tasha. Ban tura ko kwabo ba sai da na ga sunan asusun ya yi daidai da sunan da ya ba ni.

Da na karɓi saƙon a tasha na kai wa mai gyaran kekena, bai ce komai ba, sai ya ɗaga firiwil ɗin ya nuna mini haƙoransa. Tsoho ne da aka wanke da fetur har ya yi ƙyalli, haƙoran tsakiya sun lanƙwashe sun yi tsini. Rubutun da ke jikin kacar bai fito sosai ba, jabu ce. Na'urar giya kuwa babu ita sam, guntun ƙarfe ne aka naɗe da jarida don kwalin ya yi nauyi. A gaban yaran shago aka buɗe, kuma kunyar da na ji a wurin ta kusa fin zafin kuɗin.

Tun a daren da saƙon ya taso lambarsa ta daina shiga, da farko na ɗauka matsalar sabis ce, ashe ya toshe ni. Shafin kuma ya sauya suna, amma hotunan kwalayen nan ne dai yake ci gaba da sakawa.

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da shaidar tura 150,000 da ta 135,000, da hoton abin da ya aiko, kuma zan fitar da su da zarar na gama shigar da ƙorafi a banki da wurin 'yan sanda. Kada ku biya kuɗin kayan keke sai mai gyaranku ya riƙe su a hannunsa ya duba. Idan akwai wanda mutumin nan ya yi wa irin wannan tambaya ta 11-28 da 11-34, ya neme ni mu haɗa ƙorafinmu, domin naira 285,000 ɗina ba zan bar masa ba.