Harsashi mai nauyi, ƙara kaɗan: abin da ake sayarwa a shagunan farauta na Tekzas

'Yan'uwa maharba na gida, abin da zai fara ba ku mamaki a shagon kayan farauta a nan Tekzas shi ne kantar harsashi. Kwali-kwali ne, ashirin a kowane, an rubuta nauyi da gudu a jiki kamar maganin kemis. A gida mai adaka da idonsa yake auna albarushi, ya ɗura, ya danna da tsumma. Nan kuwa komai da lissafi. Ma'aunin nauyinsu sunansa giren, kuma giren 220 ya yi giram 14 da ɗan ɗoriya.

Wanda ake yayi yanzu shi ne harsashin da gudunsa bai kai na sauti ba. Ƙarar bindiga iri biyu ce: ta fashewar albarushi, da tsawar da harsashi ke yi idan ya zarce gudun sauti, wato kamar mita 343 (ƙafa 1,125) a daƙiƙa. Salansa, mai aiki irin na salansar babur, ta farkon kawai take ragewa. Ta biyun ba ta da magani sai a rage gudu zuwa wajen ƙafa 1,000 ko 1,050 a daƙiƙa. To da yake an ɗaure gudu, ƙarfin duka sai a nemo shi a nauyi.

Wanda ya fi cika kanta shi ne .300 Blackout, wanda aka amince da ma'auninsa a 2011. Mai gudunsa giren 110 zuwa 125 ne, mai shirun kuma 190 zuwa 220. Akwai manyansa: 8.6 Blackout mai giren 300 da wani abu, da .458 SOCOM da ke kai 500 har 600. Amma kada a ruɗe ku. Ƙarfin mai giren 220 ɗin nan bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na harsashin .308 na yau da kullum ba.

Inda sababbin shiga ke yin asara shi ne wajen zaɓe. Yawancin harsasan masu nauyi don harbin takarda aka yi su, kuma a wannan gudun ba sa buɗewa a jikin dabba. Su shiga su fita kamar tsinke, barewa ta gudu da rauni ta je ta mutu a duhuwa, ga haram ga asarar nama. Na farauta daban ne, an tsattsaga bakinsa don ya baje kamar fure. Kamfanin Hornady na Nebraska yana da Sub-X mai giren 190, wanda aka tsara ya buɗe har a gudun ƙafa 900. Ya fi tsada, amma a ganina duk wanda ya yi rowar wannan bai cancanci shiga daji ba.

Sai batun murɗa. Cikin bututun bindiga akwai tsagi da ke juya harsashi, kuma dogon harsashi mai tafiyar hawainiya yana son murɗa mai tsanani: zagaye ɗaya a inci 7 ko 8 ga .300 Blackout, har inci 3 ga 8.6. In murɗar ta yi sanyi sai ya tafi yana tangaɗi. Gwajin ba wuya: a cire salansa, a harbi kwali a yadi 25 ko 50, a duba ramin. In zagayayye ne, madalla. In ya yi tsawo kamar ramin makulli, harsashin a karkace yake tafiya, kuma da salansa tana jiki da ya fasa cikinta.

Faɗuwa ma tana da yawa. Bindigar da aka saita a yadi 50, a yadi 100 harsashinta ya sauka kusan taƙin hannu guda, shi ya sa masu hankali ba sa harbin dabba fiye da nan. Sanyi kuma yana rage gudun sauti, don haka harsashin da ya yi shiru da zafi yana iya yin tsawa da hunturu. Mafi muni, .300 Blackout yana iya shiga bindigar .223, kuma in aka ja kunama bindigar ce ke tarwatsewa a hannun mai ita. Mutane kan naɗa tef mai launi a jikin gidan harsashi don kada su haɗa.

Masu gonaki ne manyan 'yan kasuwar, saboda aladun daji da ke tone musu shuka da dare. Tun 2019 ba a buƙatar lasin farauta don harbinsu a gonar wani in mai gonar ya yarda.

Salansa kuwa ba a ɗauka a biya a tafi. Dokar tarayya ta 1934 ta wajabta rajista, da hoton yatsu, da jiran amincewar hukumar ATF mai kula da makamai, kuma jihohi irin su Kalifoniya da Niyok sun haramta ta ɗungurungum. Mai bizar ziyara ko ta karatu ma ba ya riƙe bindiga ko harsashi sai da lasin farauta. Kuma kada wani ya ce a saƙo masa kwali ɗaya a jaka. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ko bindigar farauta sai da lasin 'yan sanda, harsashi ɗaya a jaka a filin jirgin Kano kuwa ya isa kai mutum gaban alƙali.