Sharhi a Kan Rediyon Littafi Mai Tsarki da Na Saya wa Mahaifiyata

Tun da yanar ido ta hana mahaifiyata karatu, babu abin da ya fi damunta kamar addu'ar asuba, domin ta shafe fiye da shekara 40 ba ta ɗora tukunya a kan murhu sai ta karanta sura ɗaya. Wannan ne ya kai ni wani kantin littattafan Kirista a Sabon Tasha, inda na sayo mata ɗan rediyon nan mai memori, wanda aka zuba wa karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa tun daga Farawa har Wahayin Yahaya, tare da waƙoƙin sujada. Yau wata huɗu ke nan yana hannunta.

Muryar mai karatun ce ta fara burge ni. Ba ya gaggawa, ba ya kuma ƙaƙale irin na masu son a yabe su, yana sauke numfashi a inda ma'ana ta cika, har tsohuwa mai nauyin kunne tana iya bin sa. Sai dai fassarar da yake karantawa ba ita ce Mama ta tashi da ita ba. Ita ta haddace ayoyinta ne daga tsohuwar fassarar 1932, wadda Dakta Walter Miller na Zariya ya yi fice wajen aikinta, saboda haka a makonnin farko takan katse shi ta gyara masa kalma, kamar yana jin ta.

Inda rediyon ya biya kuɗinsa shi ne Zabura ta 136. Ayoyinta 26 ne, kowace aya kuwa tana ƙarewa da shaida cewa ƙaunar Ubangiji madawwamiya ce. Mama ba ta barin mai karatu ya faɗi wannan amshi shi kaɗai. Da ƙarfe biyar na asuba nakan jiyo ta daga ɗakina, zaune a bakin gado da mayafi a kafaɗa, tana amsawa sau 26 ba tare da ta tsallake ko ɗaya ba, sannan ta kashe rediyon ta durƙusa, duk da ciwon gwiwar da likita ya gargaɗe ta a kai. Ran da na ce mata, "Mama, ai ko a zaune Allah yana ji," sai ta ce, "Wanda ya riƙe ni tun ina budurwa, ya ciyar da ku bayan rasuwar babanku, ba zan ba shi rabin zuciya ba." Na yi shiru, domin umarnin da ke Markus 12:30, na a ƙaunaci Ubangiji da dukan zuciya, ta maimaita mini da nata bakin.

Amma kayan yana da aibi, kuma ba ƙarami ba. Maɓallansa ƙanana ne ainun, rubutun da ke kansu da Turanci ne, alhali kuwa masu bukatarsa tsofaffi ne da masu raunin gani. Ba a raba karatun littafi littafi ba, an jera surori 1,189 ne da lamba, don haka mai neman Zabura ta 136 sai ya danna 614, mai neman farkon Markus kuma 958, takardar da ke nuna lambobin kuwa ni kaina sai da tabarau. Dole na ɗiga jan farce a kan maɓallin kunnawa domin yatsanta ya riƙa gane shi. Batirin ma ba ya wuce awa uku, idan kuma aka kwana biyu babu wuta, sai jikarta ta koma karanta mata. Waƙoƙin wasu sun fita tangaran, wasu kamar daga tsohon kaset aka kwafo.

Ina ba da shawarar sayensa ga duk mai tsoho ko maras lafiya a gida, da sharaɗin a gwada shi a gaban mai kanti kuma a haɗa da batiri na biyu. Matashin da zai kunna shi yana latsa waya kuwa, gara ya bar kuɗinsa a aljihu. Yanzu mata uku daga Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu suna zuwa sauraro da yamma, ɗaya ma ta riga ta aike ni in sayo mata nata.