Ƙwayar Imatinib ko Dashen Ɓargo?

Sankarar jini ta CML tana farawa ne idan kuromosom (zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta) na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure. Sai a samu sinadarin BCR-ABL, ɗan dangin tairosin kainas, masu isar da saƙo ga ƙwayar halitta: yanzu ki rabu, yanzu ki dakata. Shi wannan ba ya jin "dakata".

Maganin imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, yana toshe gurbin da ATP, makamashin ƙwayar halitta, ke zama a jikin BCR-ABL, sai saƙon ya yanke. Ƙwaya ce ta haɗiya kullum, majinyaci na gidansa cikin iyalinsa. A ganina wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai ana shan sa shekara da shekaru, kuma cutar kan sauya kama; sauyin da ake kira T315I ko gezau ba ya yi da imatinib.

Dashen ɓargo kuwa yana iya raba mutum da cutar kwata-kwata. Amma sai an dace da mai bayarwa, kuma sabon ɓargon kan juya ya yaƙi jikin da ya karɓe shi. Shi ya sa likitoci ke jinkirta shi sai magunguna sun gaza.