Farasan ko Tarut: Ina Ƙafa Za Ta Fi Samun Abin Takawa?

Ƙanena Mustafa na Riyad ya yi tambaya a wannan zaure. Yana da hutun kwana huɗu, likita kuma ya ce masa ya riƙa taka ƙasa saboda sukari, shi ne yake neman tsibiri mai rairayi da bakin teku inda zai yi tattaki har ya gaji. An ba shi sunaye biyu, Farasan da Tarut, ya rasa na ɗauka. Na taka duka biyun, bari in faɗa maka abin da na gani.

Mustafa, sunan tsibiri da tarihin fataucin lu'ulu'u ne kawai suka haɗa su. Tarut tana gabas, a Tekun Fasha, manne da garin Ƙaɗif. Farasan tana kudu maso yamma, a Bahar Maliya, wajen kilomita 40 daga gaɓar Jizan.

Tarut ita ce mai sauƙi. Daga Riyad zuwa Dammam kilomita 400 ne ko kusa da haka, ko a mota ko a jirgin ƙasa, daga nan sai ɗan gudu kaɗan zuwa Ƙaɗif ka haye kubri, wato gada. Idan hira ta ɗauke maka hankali ba ma za ka san ka shiga tsibiri ba, don gari ne cikakke, da bakala, wato kantin unguwa, da masallatai da cunkoson motoci. Tattakin Tarut tattakin cikin gari ne. Ka fara daga tsohuwar unguwar Dira, ka bi lunguna masu ƙunci har gindin tudun da ganuwar Tarut take a kai. Turawan Fotugal sun yi amfani da ita a ƙarni na 16, amma tudun da ke ƙarƙashinta ya girme su nesa ba kusa ba, domin mutane sun zauna a wurin tun zamanin tsohuwar daular Dilmun, shekara dubu biyar da suka wuce. Daga nan ka gangara Darin, tsohuwar tashar jiragen ruwa inda Sarki Abdul'aziz ya ƙulla yarjejeniya da Ingila a 1915. Da yamma ka bi bakin ruwa ta Sanabis, ka kalli kwale-kwalen masunta. Idan ruwa ya janye za ka ga laka ta miƙe har nesa, da bishiyoyin ƙurm masu tsirowa cikin ruwan gishiri, da tsuntsaye baƙi da ke sauka a lokacin sanyi. Wuri ne mai daɗi, amma yini ɗaya ya ishe ka. Farin rairayin da kake mafarki kuwa ba nan yake ba.

Farasan sai ka yi niyya. Daga Riyad zuwa Jizan ya fi kilomita 1,000, don haka da hutun kwana huɗu jirgin sama ya fi maka. Daga tashar Jizan akwai babban jirgin fito, safe da yamma, kyauta ne, har da motarka, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Wannan tekun ne kakanninmu suka ƙetaro daga Sawakin ta Sudan a ƙananan jirage, kai kuma ga ka zaune cikin sanyin na'ura kana shan shayi. Na kasa daina tuna wannan har muka sauka.

Tsibiran suna da yawa, amma inda za ka taka su ne Farasan Babba da Sajid, waɗanda kubri ya haɗa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara sai kaɗan, sai ka ɗauka tafiyar ba ta da wuya. A nan mutane suke yaudarar kansu. Tsibirin gaba ɗaya tsohon murjani ne da ya ɗago daga cikin teku ya bushe ya zama dutse, kuma dutsen nan yana da kaifi da ramuka kamar gidan rina. Ni da silifa na je karon farko, irin wanda muke zuwa Harami da shi. Kafin azahar ƙafar dama ta tsinke, na dawo mota ina ɗingishi da yanka biyu a tafin ƙafa. Kai da kake fama da sukari, wannan ba abin wasa ba ne: takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, da safa, kuma ka duba ƙafafunka kowane dare.

Amma idan ka shirya, abin da ƙafa ke samu a can babu shi a Tarut. Bakin teku irin na Janaba da Gadir da Ra'asul Ƙarn farin rairayi ne mai laushi, ruwan kuma garau har kana ganin yatsunka. Sai ka yi tafiyar awa guda kana bin gaɓa, rairayi ya ƙare, dutsen murjani ya karɓa, ruwa ya ci gindinsa ya bar shi kamar rumfa, sannan wani rairayin ya sake buɗewa, ba ka haɗu da kowa ba sai ƙaguwa da kwasakwasa. Idan ka fita bayan sallar asuba, ba mamaki ka yi kiciɓis da barewar Farasan, wadda ake kira idmi. Nan ne garkenta mafi girma a duk Saudiyya, shi ya sa aka killace yankin, aka hana farauta, kuma a 2021 UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu, karo na farko ga ƙasar nan. Wasu sassan suna hannun hukumar kula da namun daji, ka tambaya kafin ka kutsa. Kurmin Ƙandal kuwa, inda bishiyoyi ke tsaye cikin ruwa a kan saiwoyinsu kamar masu dogarawa da sanda, da kwale-kwale ake shiga, ba da ƙafa ba.

Ko ta fuskar tarihi Farasan ba kanwar lasa ba ce. Akwai ƙauyen Ƙassar mai gidajen dutse da rijiyoyi da dabino, inda mutanen tsibirin suke komawa da zafi a da. A cikin gari akwai gidan Rifa'i da masallacin Najdi, duka attajiran lu'ulu'u ne suka gina su a shekarun 1920, da zanen bango mai ban sha'awa. An ma tono wani dutse mai rubutun Latin na shekara ta 144 miladiyya, shaidar cewa sojojin Rum sun yi sansani a nan.

Abin da ke ba da wahala shi ne nisa tsakanin wuraren, da rashin inuwa. A inda na bi ban ga hanyar ƙafa mai alama ko allon da ke cewa saura kaza ba. Mota ce za ta kai ka, ka ajiye ta, ka taka, ka dawo ta inda ka bi. Ruwan sha ka ɗauki fiye da yadda kake zato, da dabino a aljihu saboda kada sukari ya faɗi kana nesa da mutane, kuma kada ka tafi kai kaɗai. A Tarut kuwa duk inda ƙishi ya kama ka, bakala na kusa.

Maganar tuddan rairayi, in dai irin manyan nan kake nufi da ake hawa ana zamewa, kada ka sa rai a ko ɗaya. Wanda ke son tudun rairayi ya gangaro har bakin ruwa, ya nufi gaɓar Nisful Ƙamar, kudu da Khobar. Ba tsibiri ba ce, amma idan ka zaɓi gabas za ka iya haɗa ta da Tarut a tafiya ɗaya, Hajiya da yara ma za su fi jin daɗin hakan.

Lokaci kuma ba ya karɓar ciniki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ake tattaki a duka biyun. Da bazara gumin Jizan sai wanda ya gani, riga tana jiƙewa kana tsaye. A watan Afrilu ana bikin kamun kifin harid a gaɓar Hasis ta Farasan, abin kallo ne, sai dai zafi ya riga ya shigo, masauki kuma yana wuyar samu.

Da ni ne kai, kuma hutun ya faɗo cikin sanyi, Farasan zan tafi: kwana ɗaya zuwa, biyu na takawa, ɗaya dawowa. Tarut ka bar ta sai wata Juma'a da Asabar, ba ta buƙatar hutu. Tafiyar kullum da likita ya ce kuwa, kwarin Wadi Hanifa na Riyad na nan a bayan gidanka.

Idan za ka haye da motar haya, ka kama mata gurbi a jirgin tun da kwanaki, zuwa da dawowa, don guraben motoci ne ke fara cika. Igamarka, wato katin izinin zama, ta kasance a aljihu, za a nema a tasha.