Dubai zuwa Guangzhou, yadda na ga hanyar

Jama'a masu shirin zuwa Chana sarin kaya ta Dubai, tunda ana yawan tambayata awa nawa ake yi a sama, bari in faɗi abin da na gani da idona. Tsakanin filin jirgin Dubai da na Baiyun da ke Guangzhou kusan kilomita 5,800 ne, jirgin da ba ya tsayawa ko'ina yana cinye su cikin awa 7 da ɗan ɗoriya, amma in ka duba tikiti sai ka ga kamar awa 11 ne gabanka ya faɗi, toh ba haka ba ne, agogon Chana ne ya riga na Dubai da awa 4, mu kuma 'yan Najeriya da Nijar awa 7 cur suka riga mu. Dawowa ce ta fi tsawo, wajen awa 8 ake yi saboda iskar can sama daga yamma take kaɗawa gabas, a tafiya tana tura jirgin a dawowa kuma tana tare shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sallah. Da hantsi muka tashi, da yake gabas muka nufa sai yinin ya gajarce, muna ƙetare teku muka bi ta saman Indiya, ina kallon taswira a ɗan allon da ke bayan kujera, kafin in ankara azahar ta shiga la'asar ta biyo ta, ina ɗaga labulen taga sai na ga rana ta yi ja za ta faɗi alhali agogon hannuna bai kai ko'ina ba. Don Allah ku shiga da alwalarku kuma ku bar dogara da agogon hannu, ku dinga leƙa waje. Ni kujerar taga na zaɓa, wallahi na sha wahalar fita, duk sanda zan je bayi sai na tashi mutum biyu suna barci, ƙafata ma har ta kumbura takalmi ya ƙi shiga da daɗi. Kujerar bakin hanya ta fi ga mai son miƙe ƙafa.

Abinci ba laifi gaskiya, halal ne, shinkafa da kaza da zafinsu, ma'aikatan ma sun yi kirki, ruwa duk sanda ka nema za su kawo.

Da dare muka sauka, kuma filin Baiyun ba a cikin gari yake ba, wajen kilomita 28 ne daga tsakiyar birni, akwai jirgin ƙasa layi na 3 da tasi. Ka sa a rubuto maka adireshin otal ɗinka da rubutun Chana tun kana Dubai, don WhatsApp da Facebook ba sa aiki a layin can, direbobi da yawa kuma ba sa jin Turanci.