Sharhi: Koren danƙon Green Stuff wajen gyaran 'yan mutum-mutumin wasan tebur

Duk mai buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumin almara, ya san wannan matsala. Ɗan wasa zai zayyana jaruminsa tiryan-tiryan: wada ne mai kitsattsen gemu, da alkyabbar fatar kyarkeci, da guduma a hannun hagu. Idan aka je neman mutum-mutumin da za a ɗora kan taswira kuwa, sai a samu mai gatari, ba alkyabba, gemun ma guntu. Ko dai a haƙura a ce "ku ɗauka shi ne", ko a ɗauko wuƙa a gyara. Ni ina cikin masu ɗauko wuƙa, kuma a kayan aikina babu abin da nake yawan taɓawa kamar danƙon da ake kira Green Stuff.

Asalin sunansa Kneadatite, a Amurka ake yin sa, kamfanoni da dama kuma suna saye su sake ƙunshe shi su sayar da sunansu. Danƙon ifoksi ne, wato wani nau'in sinadarin gam, mai kashi biyu, rawaya da shuɗi. Kowanne shi kaɗai ba ya daskarewa. Sai an yanko an murza su tare da yatsu har sun koma kore tsantsa, babu zanen wani launi a ciki. Daga nan akwai kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki, ya kuma gama ƙarfi cikin awa 24. Idan shuɗin ya fi yawa yana saurin taurare, idan rawayan ya rinjaya ya fi laushi da kama ƙananan zane. Ni na fi son in ɗan fifita rawaya a aikin gashi da tufa.

Ba sabon abu ba ne a wannan sana'a. Tun kafin kwamfuta ta shigo ƙira, masu sassaƙa da shi suke gina mutum-mutumi na asali, saboda yana jure zafi da matsin da ake yi wajen fitar da mazubin roba da ake zuba ƙarfe a ciki. Sanin haka ya ƙara mini natsuwa da shi, don yawancin tsofaffin jaruman ƙarfe da ake tarawa yau daga wannan danƙo suka fara.

Inda ya fi burge ni shi ne wurin haɗi. A ce na yanke hannun wani mayaƙi mai tsawon milimita 28 zan sa masa hannun wani. Nakan huda kafaɗa da hannun da ɗan abin huda na hannu, in sa guntun waya a tsakani da gam mai kamawa nan take, don kada ya ɓalle ranar da wani ya ture shi daga tebur. Amma komai iya yankanka sai an bar rami a wurin. Ƙwallon danƙo da bai kai ƙwayar idon mutum-mutumin sau uku ba ya isa. A cusa shi da bakin allura, a shafe da abin sassaƙa mai kan silikon da aka tsoma a ruwa, sannan a ja layuka biyu ko uku su bi naɗin hannun rigar da ke wurin tun asali. Idan an shafa fentin farko, ko kai da ka yi aikin sai ka duba da kyau kafin ka gane inda aka haɗa.

Alkyabba ita ce aikin da nake jin daɗinsa fiye da komai, kuma a nan ne halin danƙon ke fitowa. Da zarar an gama murzawa yana da yauƙi kamar cingam, yana bin yatsa ya bar inda aka sa shi. Sai a ajiye shi minti 20 ko 30 ya huce. Bayan nan nakan sa shi tsakanin leda biyu da na shafa wa ɗan basilin, in daddanne har ya yi faifai siriri, in yanka siffar da nake so, in liƙa a kafaɗa, sannan in lanƙwasa gefen ƙasa kamar iska ta ɗaga shi. Gashin kyarkecin da ke wuya ba a ranar ake yi ba. Sai washegari, alkyabbar ta yi ƙarfi, a ɗora wani sabon danƙo a kai, a riƙa tsira bakin allura ana ja ƙasa kaɗan-kaɗan, layi bisa layi daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya ce sai ya gama duka a zama ɗaya, babban yatsansa zai murƙushe naɗin da ya ɓata awa guda yana gyarawa. Wannan danƙo na mai haƙuri ne, kuma da gaske nake faɗa.

Akwai abin da bai dace da shi ba. Ko ya bushe yana da ɗan taushi irin na roba, don haka ba ya karɓar sanfefa. Idan ka goga sai ya yi kaushi maimakon santsi. Kaifin takobi, gefen garkuwa, farantin sulke mai kusurwa, duk waɗannan Milliput ya fi shi, wani danƙon da ake yi a yankin Wales na Birtaniya, domin shi yana bushewa ƙeƙam, a kankare shi a goge. Da yawa suna cakuɗa biyun rabi da rabi, kuma na ga amfanin hakan a sulke.

Idan ka sayi irin mai zuwa kamar ɗamara, launi biyu manne da juna, yanke tsakiyar inda suka haɗu ka yar, don wurin ya riga ya fara tauri, zai bar ƙulalai a aikinka. Ragowar a sa a firiza, yana daɗewa. A wanke hannu bayan aiki, saboda ifoksi na sa wa wasu ƙaiƙayin fata.

A ɓangaren fenti, yana kama fentin farko lafiya lau, da sharaɗin an wanke basilin da sabulu tukuna, in ba haka ba fentin zai riƙa zamewa. Launin korensa yana ɓoye aibi, shi ya sa nake fara shafa fenti mai launin toka siriri in duba a ƙarƙashin fitila. Zanen yatsa ne babban abin nema, domin fentin inuwa mai ruwa-ruwa zai kwanta cikinsa ya bayyana shi fili.

Ga wanda ke son jarumin ɗan wasansa ya fito yadda aka kwatanta shi, ina ba da shawarar saye ba tare da wani ɗar ba. Ya fara da cike rami da ɗamara da 'yar jakar ƙugu, ya bar fuska da yatsu zuwa lokacin da hannunsa ya saba.