Inkscape: Gwanin Tambari Ne, Amma Kada Ka Kai Masa Hoton Fuska

Na daɗe ina aikin zane da manhajar GIMP kafin in koma manhajar Inkscape, kuma abin da ya kore ni bai wuce tambari ba. GIMP da Photoshop hoton rasta suke sarrafawa, wato hoton da aka jera da ƙananan ɗigogi masu launi da ake kira fiksel. Adadinsu ƙayyadadde ne. In ka ja hoton ya yi girma, manhajar ba ta da wasu ɗigogin da za ta ƙara sai na kintace, shi ya sa gefen rubutu yake dushewa ko ya fito da tsini-tsini. Duk fayilolin hoto na JPEG da PNG haka suke.

Inkscape kuwa bekta yake yi. Ba ya ajiye ɗigogi, lissafi yake ajiyewa: layi ya tashi daga nan, ya lanƙwasa haka, ya tsaya can, a cika cikinsa da ja. Duk girman da ka nema sai ya sake zanawa. Tambari ɗaya na fitar don katin kasuwanci, na kuma fitar da shi don allon talla, gefensa tas ba ko gargada. Fayil ɗin SVG ne, ɗan mitsitsi, har a burauza yana buɗewa. Ga Inkscape ɗin kyauta, tun 2003 masu sa kai ke raya shi, alhali Illustrator, manhajar bekta ta kamfanin Adobe, sai da kuɗin rajista.

Sai dai a yi hattara da Trace Bitmap, kayan aikin Inkscape da ke mayar da rasta bekta. A kan tambari mai launi biyu ko sa hannu, aikinsa ya burge ni ƙwarai. Da na gwada shi da hoton mutum kuwa, fuskar ta koma faci-faci, mahaɗan layi suka yi dubbai, kwamfutar ta fara jan ƙafa. Ban ga laifin manhajar a nan ba. Inuwa da hasken da kyamara ke ɗauka sai ɗigo-ɗigo, rasta ce kawai ke iya riƙe su.

Inda na ga gazawarsa da gaske shi ne launin maɗaba'a, CMYK. Sai na bi ta Scribus, manhajar tsara shafi don bugawa, kafin in miƙa aiki. Lanƙwasa layi da alƙalamin Inkscape ma yana son haƙuri a farko.

Yanzu gyaran hoto na GIMP ne, tambari da rubutu na Inkscape.